Murhu a Ƙarƙashin Ruwa

Tun da na dawo daga kudu ba a bar ni na sha shayi cikin natsuwa ba. Wannan ya tare ni a ƙofar masallaci, wancan ya biyo ni wajen gini, kowa da tambayarsa, kuma kowa sai ya faro daga tsakiya. Ni kuwa ba na son magana daga tsakiya. Shi ya sa na zauna na rubuta abin daga farkonsa. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a bar ni in yi aikina.

Da farko, dalilin tafiyar. Ni magini ne a Malumfashi. Yayata Hansatu tana da ɗa namiji guda, Nazifi, wanda ya tafi Fatakwal neman abinci bayan rasuwar mahaifinsa. Wani ɗan unguwarmu mai tura baro a can ya zo gida ganin iyaye, ya ce da idonsa ya ga Nazifi a wani ɗaki mai shuɗiyar fitila, tsugune gaban duwatsu a cikin ruwa, yana barbaɗa musu abinci, yana cewa wai suna da rai. Kafin maganar ta gama zagaya unguwa ta zama tsafi. An kira shi a waya, bayanin da ya yi ya ƙara dagula lamarin, domin bai musa cewa dutsen yana da rai ba. Yaya Hansatu ta daina cin abincin kirki.

Ta aika aka kira ni. Ta ce, "Idi, kai ne kawunsa. Ka je ka dawo mini da shi."

Na ce mata zan je, amma zan duba abu biyu. Na ɗaya, ko tsafi ne. Idan shi ne, zan taho da shi ko da a ɗaure. Na biyu, ko sana'a ce. Idan ba sana'a ba ce, nan ma zai dawo ya riƙe mini kwanon siminti. Idan kuwa ya tsallake duka biyun, to ta yi haƙuri. Ta ce Allah ya kiyaye hanya, ni kuma na ɗauki hakan a matsayin yarda.

Na hau babbar mota daga Zariya. Abokin zamana wani dattijo ne mai kai shanu kudu, ya shiga mota da buta, da dardumar salla, da ƙullin kilishi, ya kuma ɗauke ni ɗalibi tun kafin mu fita gari. Shi ya koya mini cewa a can ba a ce wa acaɓa acaɓa, sai okada, kuma idan aka kira ni aboki kada in ɗauka an san ni ne. Bayan mun wuce Lakwaja shingayen bincike suka yawaita, ana sauke mu ana ɗora mu. Abin da ya fi tsaya mini a rai a wannan hanya shi ne yadda suke yi da mamatansu. Za ka ga kabari a ƙofar gida an yi masa tayil, an kuma manna hoton mamaci a bango da girman ƙyaure, ana sanar da ranar da za a binne shi, mai yiwuwa sai wani watan. Mu da muke rufe namu kafin rana ta faɗi, abin ya yi mini nauyi. Amma dai na duba aikin tayil ɗin, kuma ba laifi, sun iya.

Fatakwal gari ne na ruwan sama. Ba ya sallama, ba ya ban kwana. Na sauka a wajen mahautanmu na unguwar Trans-Amadi, kuma ban nemi Nazifi da farko ba, limamin masallacinsu na nema, Malam Isiyaku. Bayan mun gaisa, gaisuwa cikakkiya irin ta gida wadda na yi kewarta a hanya, na faɗa masa abin da ya kawo ni. Ya yi dariya har ya cire tabarau. Ya ce shi dai bai taɓa ganin mai tsafin da ke riga ladan zuwa masallaci da asuba ba. Game da dutsen kuma, ya ce halittar Ubangiji ta fi abin da muka sani yawa, in je in duba da kaina.

Shagon da Nazifi ke aiki na wani Inyamuri ne, kowa Oga yake ce masa, ni ma haka na kira shi. Sana'arsa haɗa wa mutane tankin gilashi na kifayen teku, a otal, a ofis, a gidajen masu hali. Nazifi ya durƙusa ya gaishe ni, ya ja ni bayan shago, ɗakin nan mai shuɗiyar fitila. Ya tsoma hannu a wani baho ya ciro dutse ya ɗora mini a tafin hannu. Bai kai nauyin da idona ya ba shi ba. Duk jikinsa ramuka ne, an lulluɓe shi da wani ɓawo shunayya, yana ƙamshin ruwan teku. Ya mayar da shi cikin ruwa ya ce in jira. Can sai na ga wasu ƙananan abubuwa kamar gashin tsuntsu suna buɗewa daga ramukan, wata 'yar tsutsa ta leƙo ta koma.

Ya ce, "Kawu, dutsen dutse ne. Gida ne. Mazauna cikinsa su ne masu ran, kuma su ke tsabtace ruwan. In babu su, kifi ba ya daɗewa."

Ya ƙara da cewa abu biyu ke kashe su, bushewa da ruwan da ba ya motsi. Tambayata ta farko ta samu amsa a nan. Na kira Yaya Hansatu na ce babu tsafi. Ta ce to yaushe za mu taso. Na ce saura ta biyu.

Oga ya shaida mini, da Hausarsa ta kasuwa, cewa akwai aiki a Enugu, a asibitin yara na wata likita, kuma shi ne aikin farko da zai sakar wa Nazifi shi kaɗai. Zai zo daga baya ya duba. Idan aikin ya yi, zai bar masa kula da duk tankunan da ya haɗa a Enugu. Na ce madalla, abin da nake so in gani ke nan. A wajena sana'a ita ce abin da za a bar ka da shi kai kaɗai, ka fara, ka gama, ya tsaya. Na ce zan bi shi. A wannan yammacin Nazifi ya saya mini gasasshen agade da kifi da wani yaji mai mai. Na ci. Ba tuwo ba ne, amma na ƙoshi.

Ga yadda aka yi lodi. Ƙananan duwatsu a cikin kuloli da ruwan gishiri. Jarkokin ruwa a gefe. Sai wasu manya guda uku da suka ƙi shiga kula, aka naɗe su da jiƙaƙƙun buhuna aka sa a baho. Waɗannan ukun su ne idon aikin. Sun fi duka launi, hotonsu aka tura wa likitar, kuma su ne Nazifi ya shirya ɗorawa a sama inda kowa zai gani. Ba mu bi miƙaƙƙiyar hanyar Enugu ba, muka biyo ta Owerri zuwa Anacha, domin a can za mu karɓi fankokin ruwa, wasu ƙananan injuna masu tura ruwa a cikin tanki. A wani shinge jami'i ya buɗe kula, ya ga duwatsu, ya dube mu, ya sake duban duwatsun. Ya ce, "Aboki, una dey carry stone go Enugu?" Wato yana mamakin mai kai dutse garin duwatsu. Ya sa hannu ya ɗaga ɗaya don ya ga abin da muka ɓoye a ƙasa, sai wata 'yar ƙaguwa ta hau masa yatsa. Ya saki, ya ce mu wuce.

A Anacha muka sauka gidan Alhaji Sale mai albasa, ba nisa da Kasuwar Ochanja. Mutumin Gwaranyo ne, ya tsufa a garin, 'ya'yansa suna yaren Inyamurai kamar a bakinsu aka ƙirƙire shi, amma da sun shigo zaure sai su durƙusa su gaida baƙo da Hausa. Ya ce baƙon da ya zo daga gida ba zai kwana bai ci tuwo ba, ya sa a tara mutanensa. Muka sauke kaya a inuwar bango. Nazifi ya ƙara jiƙa buhunan, ya tafi kasuwa karɓo fankoki. Ni kuma na bi Alhaji masallaci, daga nan ya kai ni ganin babbar gadar kogin garin. Ba wanda aka bari gadi. Wa ke gadin dutse?

Ni da Nazifi kusan tare muka dawo. A tsakar gida muka tarar da ƙatuwar tukunya, wuta tana ci a ƙarƙashinta, Mamman Dogo, wanda ke dafa wa ma'aikatan Alhaji abinci, yana gyara itace. Ni ban lura da komai ba. Nazifi ne ya jefar da kwalin da ke hannunsa, ya ruga, ya janye itacen da ƙafa, yana korar kowa baya, yana cewa kada wanda ya shaƙi hayaƙin, irin wannan dutse idan ya ji wuta yana iya cutar da ƙirji. Aka sauke tukunya. Ga duwatsunmu uku, an girke su da kyau, sun yi baƙi ta ciki.

Mamman Dogo ya tsaya da muciya a hannu. Ya ce, "Yallaɓai, garin nan duk siminti ne. Ka yini kana yawo ba ka samu dutse uku marasa mai su ba. Na ɗaga buhu na gan su a wanke, tsayinsu ɗaya, na ce Allah ya yi wa baƙin nan albarka, har da murhunsu suka taho."

Wasu suka fara dariya, suka ga fuskar Nazifi suka haɗiye. Alhaji Sale ya ji kunya ƙwarai. Ya ce zai sa a kawo tifa guda ta dutse daga bakin kogi, mu zaɓa. Na yi masa bayani iya fahimtata, na kuma ce kada a yi wa Mamman faɗa, domin don mu ya hura wutar. An ƙarasa tuwon a kan gas. Nazifi ya ce ba ya jin yunwa. Na ce ba a tambaye shi ba, tuwon mai gida ne, ya wanke hannu. Ya ci kamar mai cin magani. Tuwon kuwa ya yi daɗi, da miyar kuka da man shanu, wanda ban sa ran gani a Anacha ba.

Da safe na same shi zaune gaban duwatsun. Ya ce babu irinsu a kusa, sai an sake yin odar wasu daga waje, kuma Oga ba zai sake sakar masa aiki ba. Sauran ƙanana ne, ba za su yi tsayin da ake so ba.

Ya ce, "Kawu, ai dama ɗaukata ka zo yi. Mu tafi gida kawai."

Na ce, "Ban zo ɗaukar wanda ya gudu ya bar aiki a buɗe ba. Idan za ka faɗi, a Enugu za ka faɗi, a gaban mai aikin, bayan ka gama. Sannan in kai ka gida. Ɗauko bahon."

Ya ce me za a yi da matattun duwatsu. Na ce ban sani ba tukuna, amma ni ban taɓa barin kayan aiki a hanya ba. Mamman Dogo da kansa ya ɗora su a mota.

Enugu ta fi Anacha natsuwa, tuddai ne da jar ƙasa. Mun sauka a unguwar Ogui wajen wani malamin allo, mutumin Haɗeja, wanda ya ba mu ɗakin baƙi da sharaɗin kada mu jiƙa masa tabarma da ruwan gishiri. Da safe mata suna yawo da wani abinci naɗe a ganye, okpa suke ce masa. Na ɗanɗana na ce ai wannan gurjiyarmu ce. Malamin ya ce ita ce, mutanenmu ke kawo ta buhu-buhu, su kuma su niƙa su mayar da ita kamar alala su sayar mana.

Tankin yana ɗakin jira na asibitin, tsawonsa ya kai gadon mutum. Likitar, dattijuwa ce mai furfura, ta tambayi duwatsun da ta gani a hoto. Nazifi ya dube ni. Na ce ya faɗa mata yadda aka yi, kada ya rage komai. Ya faɗa da Turanci. Ta daɗe tana dariya, sannan ta daina, ta ce yaran da ke jiran allura suna buƙatar abin kallo, kuma ba tarin tsakuwa ta biya a kawo mata ba. Ta ba mu lokaci har zuwan Oga.

Ga tsarin aikin. Da farko muka kankare ƙonannun duwatsun da burushi, muka jiƙa su a wani baho daban, muna canja ruwa kullum har wari ya bar su. Nazifi ya ce ko matacce ne, in ya tsarkaka ba ya cutar da tanki. Na biyu, muka gwada ginawa da ƙananan kawai. Ni na jera su, kuma na jera su yadda na iya, a jikin gilashin baya, kowane ya zauna daram a kan ɗan'uwansa, ba kafar da allura za ta shiga. Na ja baya ina kallo. Nazifi ya kunna fankokin, ya ɗebi garin abincin kifi da yatsu biyu ya barbaɗa. Garin ya yi yawo a gaba, sannan ya lallaɓa bayan katangata ya kwanta.

Ya ce, "Kawu, katangar ta yi kyau. Amma duk inda wannan garin ya kwanta, nan datti zai kwanta, ya ruɓe. A nan kafa ake nema. Ruwa ya shiga ta gaba, ya fita ta baya, ya bi ta ƙasa."

Na rushe ta. Shekaruna nawa ina toshe kafa, ga aikin da ake biyan mutum don ya bar ta. Muka sake gwadawa, muka bar tazarar tafin hannu tsakanin dutse da gilashi ta kowane gefe. Ruwa ya samu hanya ta baya, amma ginin ya zama gajere, kuma ƙasansa a toshe. Idan muka ɗaga shi da ƙananan, sai ya yi rawa. Haka muka yi ta yi kwana da kwanaki, hannuna ya yi fari ya tattare saboda gishiri.

Wata safiya ina canja ruwan bahon, na ciro ukun na ajiye a ƙasa. Ban shirya ba, sai na ga na ajiye su yadda Mamman Dogo ya girke su, baƙin yana fuskantar ciki. Na tsaya ina dubawa. Me ya sa tun kakanni ake yin murhu da dutse uku? Uku ba sa rawa ko ƙasa ba ta daidaita ba, suna ɗaukar tukunya komai girmanta, kuma iska tana shiga ta ƙofa uku, shi ya sa wuta ba ta mutuwa. Na kira Nazifi na ce ya daina tunanin ɗora su a sama. Su koma ƙasa, su yi aikin da aka riga aka koya musu a Anacha.

Ya zagaya su, ya tsuguna ya leƙa ta tsakaninsu. Ya ce in za a yi haka, a kan gilashin ƙasa za su zauna kafin a zuba yashi, don kada kifi mai tono ya zame musu ƙafa. Ya ce kuma ba a tsakiyar tanki ba, a gefe guda, a bar wa kifi fili. Na yarda, domin wannan fanninsa ne. Muka girke su. Ya zaɓo masu faɗi daga cikin masu ran, na ɗora su a matsayin tukunya, ina juya kowane har ya ciji na ƙasansa, shi kuma yana liƙe mahaɗar da wani ƙullin gam da ke bushewa a ruwa. Daga nan muka ja reshe guda zuwa ɗaya gefen, yana raguwa, da ƙofofi a jikinsa. Fanka ɗaya ya kafa a dama, ɗaya a hagu, suna kallon juna amma ba ido da ido ba, don ruwan ya riƙa karo yana juyawa. Ya karkata ɗaya sama har fuskar ruwan ta fara rawa. Ta farko ta tone yashi ta yi rami, ya ɗaga ta kaɗan. Na kama ginin na girgiza. Bai motsa ba.

Oga ya zo da rana tsaka. Ya ga baƙaƙen duwatsun, ya ji labarin, bai yi dariya ba. Ya zagaya tankin, ya tsuguna, ya tashi. Sannan ya barbaɗa garin abinci da hannunsa, muka zuba ido mu huɗu har da likitar. Garin ya sauka, ruwa ya ɗauke shi, ya shige ta ƙofar murhu ɗaya ya fito ta biyu, ya zagaya baya, ya hau sama. Oga ya bi shi da ido har ya ɓace a matatar ruwan tankin. Bai kwanta ko'ina ba. Ya ciro makullan wani shago da yake da shi a Enugu ya miƙa wa Nazifi, ya juyo gare ni ya tambaya ko ina neman aiki. Na ce ina da nawa.

Masu tambayata irin kifayen da na gani a tankin, ga amsa: ban ga ko ɗaya ba. Ba a sa kifi sai ruwan ya zauna, kuma wannan yana ɗaukar makonni. Duwatsu na bari a cikin ruwa na hawo mota.

Da na iso gida na wuce wajen Yaya Hansatu kafin in ajiye jaka. Ta leƙa bayana ta ga ba kowa. Na ce mata ya tsallake duka biyun, kuma ya roƙe ni in kawo shi na ƙi. Ta yi kwanaki ba ta amsa gaisuwata sai da ka.

A makon da ya wuce Nazifi ya turo hoto. Ga yara sun manna fuska a gilashi, ga wani kifi ruwan goro yana fitowa ta ƙofar murhun. A jikin baƙin dutsen kuwa, daidai inda wuta ta ci, wasu ɗige-ɗige shunayya sun fara fitowa. Mazauna duwatsun sama sun sauko sun tare a na ƙasa. Na kai wa Yaya Hansatu wayar. Ta daɗe tana kallo, ta matso da ita kusa da ido, ta nisanta.

Ta ce, "Wa ya girka wannan murhun?"

Na ce ni da ɗanta.

Ta ce, "Na bayan nan ya ɗan karkace. Ka gaya masa in ya zo da Salla ya zo da yunwarsa." Sannan ta miƙo mini wayar, ta ce a zubo mini tuwo.